Majayin Sirdin Halliru

Magarya

Yaya Shittu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da mutanen Rabah. Tun da anka katse layin waya ba mu ji juna ba, shi ya sa na ba Sale direba takardar ga.

Ɗiyata Khairiyya tana kwance, cinyarta ta karye. Ranar Juma'a na aike ta niƙa. Tana cikin lungunmu sai ga Halliru mai shagon taki na Wurno bisa ingarmansa, shina sukuwa tsakanin gidaje. Dokin ya banke ta, ya taka ta. Halliru bai ko sauka ba. Da mutane sunka tare shi, sai yac ce, "Wa yac ce ta tsaya hanyar doki?"

Mun kai ta wurin maɗori a Goronyo. Mijina Iliyasu ya ce a bar ma Allah. Ni ba ni iyawa, Yaya. Ban barci sai in ji kukanta sa'ad da anka ja ƙafar.

An gaya mani Halliru ya kawo maka sirdinsa gyara don sukuwar bikin Tursa. Kai baduku ne, ka san inda za ka rage ɗinkin majayin nan da ke riƙe sirdi, ba mai ganewa. Ina son shi faɗi gaban jama'a, shi ji abin da ƙashi ke ji. In ni ƙanwarka ce, ka yi mani wannan.

Ka gaida uwargidanka, Yaya Hussaina.
Bilki

Rabah

Bilki,

Bayan sallama, Allah shi ba Khairiyya lafiya, shi sa kaffara ce.

Na karanta takardarki sirdin na gabana. Ba zan ɓoye maki ba, na ɗauki wuƙa na aza bisa majayin. Hussaina ce ta ga fuskata ta tambaye ni mi ya faru. Da na gaya mata, sai tac ce, "In ya faɗi, dokin ina za shi?"

Kin san wurin sukuwa. Dokin da ya yar da mahayi ba ya tsayawa, cikin 'yan kallo yake afkawa, kuma yara ne a gaba. Na ɗinke majayin da kyau.

Amma ban ƙyale Halliru ba. Na bi shi har Tursa. Da mahaya sunka jeru, na riƙe linzamin dokinsa na ce, "Halliru, gaya ma mutanen ga ina ka bar ɗiyar Iliyasu." Ya ɗaga bulala. Na ce shi sauke ta kaina, kowa na kallo. Hannun nasa ya tsaya a sama.

Uban ango ya ce ba dokin da zai motsa sai an ja igiya an mai da yara bayanta, kuma Halliru ba ya cikin masu hawa. Ya ja dokinsa ya fita, mata na yi mishi ature. Mai gari ya hana sukuwa cikin gari, sai fili. Ki sa Iliyasu shi kai ma naku mai garin wannan magana.

Allah shi huci zuciyarki.
Yayanki Shittu

Magarya

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gode, amma kunya wankewa take, ƙafar ɗiyata kuwa maɗori ya ce ƙila ta gajarce.

Halliru ya zo ba da haƙuri shekaranjiya. Ka san bisa mi yaz zo? Bisa dokin nan. Ya ɗaure shi ƙofar gidanmu inda yara ke wasa. Khairiyya na jin kofato ta ja jiki da ɗorin nan za ta shige ƙarƙashin gado, har karan ɗorin sunka goce. Sai da munka koma Goronyo.

Na fito da taɓarya. Na ce mishi, "In na sake ganin dabbar ga a lungun nan, ni da kaina zan karya mata ƙafa. Kai kuma in haƙuri kake nema, ka zo da ƙafar da Allah ya ba ka, tunda taka lafiya take." Iliyasu ya ce na yi rashin kunya. Ban damu ba.

Mai garinmu ya hana hawa cikin lungu. Yanzu ko jaki anka ɗaure, uwaye na janye yaransu daga bayansa. Sai da tawa ta karye sannan kowa ya yi hankali.

Taka,
Bilki

Magarya

Yaya,

Sallama. Halliru ya zo yau, a ƙasa tun daga Wurno. Ya durƙusa ƙofar zaure cikin rana. Na bar shi nan har azahar.

Da na leƙo yac ce, "Bilki, ki yafe mani."

Na ce ba ni ya taka ba. Wadda ya taka tana ɗaki, kuma ba a ɗauko mishi ita. Shi jira ranar da za ta tako da kanta har zaure, sai shi tambaye ta.

Jiya ta dafa bango ta miƙe, amma ba ta ɗaga ƙafar ba tukuna.

A sa mu a addu'a.
Bilki