Na Kwance wa Kurciya Ƙararrawarta

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya raya mana zuri'a. Mu nan alhamdu lillahi. Baba ya daina tari, Gwaggo tana tare da mu tun da aka sallame ni daga asibiti, Kurciya kuwa, 'yar taki da ba ki taɓa gani ba, ta cika wata goma, haƙoranta huɗu, tana rarrafe kamar ana korar ta.

Yaya, a waya kullum ina ce miki na warke. Ban gaya miki duka ba. Tun faɗuwar da na yi daga babur kaina ya bugu, ba na ganin komai ta hagu. Likita ya ce idanun lafiyarsu ƙalau, ƙwaƙwalwa ce ta daina karɓar saƙon wannan ɓangaren. Kada ki zaci duhu nake gani. Da duhu ne ma da sauƙi, don zan san akwai abin da ya ɓoye. Babu komai ne kawai, kuma zuciyata tana gaya mini abin da na gani shi ke nan. Na sha cinye rabin faranti in nemi ƙari, Gwaggo ta juya mini shi tana dariya, wai ni kaɗai ce ake ciyarwa sau biyu da abinci ɗaya. Maƙwabciyarmu ta yi sati tana fushi da ni, wai ta ɗaga mini hannu na yi mata girman kai.

Akwai wata ma'aikaciya a asibiti da take koya mini dabaru. Kafin in ɗaga ƙafa, sai in juya kaina hagu har haɓata ta kusa kafaɗa, in dawo da ido a hankali. Jan layin da kika gani a gefen takardar nan ma dabararta ce, sai idona ya taɓa shi nake sanin na kai farkon layi. Da Kurciya ta fara rarrafe, babanta ya ɗaura mata 'yan ƙararrawa biyu a ƙafa, don in ji inda take. Na yi murna ƙwarai. Ma'aikaciyar kuwa ba ta yi ba, ta ce mini kunne zai sa wuyana ya yi ƙiwa. Na ji, amma ban ɗauka ba. Ashe a hankali na daina waiwaya, na koma saurare.

Ranar Talata da hantsi Gwaggo ta yi wa yarinyar wanka, ta kwance ƙararrawar ta ajiye a bakin taga, ta manta. Ni ina kicin, na sauke tukunyar tafasasshen ruwa. Na kasa kunne, shiru, na ce to tana ɗaki. Na juya zan kai tukunyar wajen bokiti, sai ƙafata ta taɓa wani abu mai laushi, ƙananan yatsu suka kama zanina. Yaya, Kurciya tana nan zaune a gindina ta hagu, tana kallona tana murmushi. Ruwan ya yi tangal-tangal ya zubo mini a hannu, na riƙe tukunyar gam ina ihu, har Gwaggo ta shigo da gudu ta sure ta. Yatsuna uku sun saɓule. Ita ɗigo ɗaya ne ya same ta a kafaɗa. Har yanzu idan na tuna, sai in je in ɗauke ta in sake duba kafaɗar.

Surukata ta zo washegari. Ba ta yi faɗa ba, ta ma riƙe hannuna tana hawaye, amma ta ce ranar Juma'a ta sama za ta ɗauki Kurciya ta riƙe ta har ta yi wayo. Na dubi baban yarinyar, ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ina tsoron su ɗauke ta, ina kuma tsoron su bar mini ita.

A ranar na jefa ƙararrawar cikin akwati na kulle. Gwaggo ta ce ko bugun kan ne ya dawo, na ce mata shirun nake so. Yanzu ba na yarda da kunnena, ba na yarda da zuciyata, sai na juya na gani. Wuyana har ciwo yake yi. Kicin kuma mun sa katako a ƙofa, ba na ɗaukar abu mai zafi sai na faɗi da bakina inda yarinyar take. Ma'aikaciyar ta ce da haka ake koyo, amma yana ɗaukar watanni, ni kuwa kwana tara gare ni.

Don Allah, Yaya, ki kira surukata. Tana jin maganarki, ke ce a matsayin Inna tun da ta rasu. Kada ki ce mata na warke. Ki roƙar mini wata biyu kawai, ko ta zo ta zauna da mu ta ga yadda nake yi da idonta.

Ki gaishe mini da maigidan, da Babban Yaya idan ya leƙo, da Auta da 'yan biyu. Baba da Gwaggo suna gaishe ku. Ki yi mini addu'a, kuma ki yi sauri. Ƙofar ɗakina ta hagu take, Yaya. Idan suka fita da Kurciya, ko fitarta ba zan gani ba.

Taki har kullum,
Ƙanwarki.