Kumfar da Na Bi Ba Taki Ba Ce

Yatzil, sanyin idona, inuwar kwakwata da tsakar rana, ke da tsibirin Kozumel kaf bai haifi mai nutsuwarki ba,

Da wace fuska zan gaishe ki? Sau uku ina zuwa bakin layinku, in hango mamanki Chabela tana gasa wainar masara a ƙofar gida, sai in juya kamar wanda ya yi mantuwa. Shi ya sa na aiko takarda, don ita ba ta da idon da za ta sunkuyar. Ki yi wa Allah ki karanta ta har ƙarshe, daga nan in kin ga dama ki hura wuta da ita.

Kin tuna yinin da aka fara haɗa mu aiki, shekara huɗu ke nan? Kika taho a kan gadar katakon masauki da tukunyar iska a kafaɗa, gashinki ɗaure da jan zare, kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Kai ne sabon direban jirgin? To ka buɗe idonka, ba na son in fito in yi ta neman jirgi kamar mai neman ɗan kunne." Tun daga ranar rabon aikinmu bai sauya ba. Ke ki sauka da baƙi ƙarƙashin teku, ruwa ya kwashe ku ya yi arewa da ku a gefen dutsen murjani, ba ku iyo, ba ku gardama da shi. Ni kuwa ina sama, ba na ɗaure jirgi, ina bin kumfar numfashinku a hankali har ku ɓullo ku same ni a kanku.

Wayyo wannan kumfa taki! Ta baƙi tafasa take yi kamar tukunyar wake, tsoro da murna suna hura ta. Taki kuwa ƙanana ce, a jere, ta fito, ta dakata, ta sake fitowa, kamar numfashin jariri a goye. A kan wannan kumfa na fara son ki, tun kafin in yi ƙarfin halin kai wa mamanki gasasshen kifi. Wa ya rage a tsibirin nan da ban cika wa baki ba? Na faɗa a tashar jirage, na faɗa a ƙofar coci, na faɗa ranar da na sa miki zobe: ko jirgi ɗari ne a kan ruwa, ni Chebo zan ware numfashin Yatzil ido rufe. Kika yi dariya kika ce in rage cika baki, ban ji ba.

Ga abin da ya faru ran Talata, wanda ban gaya miki ba. Baƙuwar nan da jiri ya hana ta sauka, wadda ta zauna a jirgi tana tsotsar lemun tsami, ita ta tambaye ni yadda nake gane ku. Tambayar da na fi so a duniya! Na juya wa ruwa baya, ni da na san ba a juya masa baya. Na shiga ba ta labarinki, ina kwatanta mata da hannu, ina kumbura kamar kifin nan mai ƙaya. Ina cikin yabon kaina a kan ban taɓa ɓatar da ke ba, a daidai lokacin na ɓatar da ke. Da na waiwayo, ayarinku ya gitta da na wani jirgi, kumfa ta rabu biyu. Da na tsaya na duba da kyau, da na kira ɗaya direban a rediyo na tambaya, da babu abin da zai faru. Amma baƙuwa na kallona, sai na nuna ta hagu da yatsa na ce ga ta nan.

Minti arba'in ina bin kumfar, ina mata murmushi, har ina mata 'yar waƙa. Sai ga kai ya ɓullo: Lalo, jagoran baƙin ɗaya jirgin, ƙaton nan mai gemu da tumbi, yana tofar da ruwa yana cewa, "Chebo, lafiya ka biyo ni tun ɗazu? Ni fa ina da mata!" Har yau in na ratsa tasha sai wani ya ɗaga murya, "Angon Lalo, ina amarya?" Su yi ta yi, na cancanta. Wannan kunyar mai sauƙi ce, ba ita ke hana ni cin abinci ba.

Wadda ke cin raina ita ce ta bakin gada. Kin fito can arewa da baƙi biyar, har da dattijon da ƙafarsa ta riƙe, kin hura balan-balanki mai ruwan lemo kin ɗaga, babu jirgi, ruwa yana jan ku zuwa inda babu tudu. Kusan awa guda kuna yawo kafin Tacho masunci ya tsince ku. Da mai masauki, Don Fermin, ya tare mu yana huci yana tambayar laifin wa, sai na ji bakina yana cewa kin sauya hanya ba ki sanar da ni ba. Ni! Ni da aka ba amanar numfashinki! Leɓɓanki sun tsage da gishiri, kika dube ni kika ce, "Haka aka yi, Chebo?" Na tsura wa igiya ido. Aka dakatar da ke daga jagorar baƙi, washegari na tarar da zoben a cikin akwatin tabaran nutsona.

Ya hasken safiyata, wane irin namiji ne wannan? Na ji tsoron a karɓe makullin jirgi, sai na miƙa sunanki a madadinsa, sunan da kika yi shekara goma kina ginawa a aikin da aka ce ba na mata ba ne. Teku bai taɓa yi miki abin da na yi miki ba, shi ko ya ja mutum, ba ya yi masa ƙarya.

Jiya na je ofishin Don Fermin, a gaban Lalo da direbobi duka, na faɗi komai yadda ya faru, na ajiye makullin a kan teburinsa. Yanzu wankin rigunan nutso nake yi a bayan ɗakin kaya. Ran Litinin za ki koma aiki da wani direban. Ba don ki yafe mini na yi ba, hakkinki ne na riƙe na mayar.

Abin da ya kai ni ofishin nan kuwa, Tacho ne. Na same shi shekaranjiya yana gyaran koma, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kai, ka san abin da yarinyar nan ke gaya wa Turawan lokacin da na iso? Ta tallafe tsohon da hannu ɗaya, ta ɗaga balan-balan da ɗaya, tana cewa, 'Ku kwantar da hankali, jirginmu na tafe, direbana bai taɓa ɓatar da ni ba.' Har na jawo su ciki, idonta na kudu tana duban ka."

Yatzil, rabin raina, tun da na ji wannan ban sake iya duban teku ba. Ba zan ƙara cewa na san numfashinki cikin dubu ba, na gane ban san komai ba. Roƙona ɗaya ne, ki bar ni in koya daga farko, ko da daga kan gada ne, ko da shekara nawa zai ɗauka. Ba zan sake juya miki baya ba, a ruwa ko a tudu, a gaban mutum ɗaya ko a gaban gari. Ran Lahadi bayan coci zan zo ƙofar gidanku, wannan karon ba zan juya daga bakin layi ba. Zoben yana aljihuna, ba zan fito da shi ba sai kin tambaya.

Kin gaya wa mutum biyar a tsakiyar teku cewa ina tafe. Na makara da kwana goma sha biyu, amma ina tafe.

Naki, muddin akwai numfashi a ƙirjina,
Eusebio, Chebonki in har kin yarda