Autanki Ya Dawo da Ƙafarsa

Assalamu alaiki wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Shekara huɗu ke nan da rasuwarki, sai yau na samu labarin da na so a ce ke na fara kai wa. Ƙanena Sa'adu, autanki, ya bar wasan ƙwallon nan na Amurka. Ranar Talata ya iso Makka, da ƙafarsa ya hawo matakalar gidana a unguwar Mansur.

Kin tuna yadda abin ya faro. Karatu muka tura shi, mai horar da 'yan wasan jami'arsu ya ga faɗin kafaɗarsa ya ja shi fili. Da ya gama, wata ƙungiya ta ɗauke shi, wasa ya zama sana'a. Ya yi miki bayani ta waya: su biyar ne ƙarti, suna jeruwa kafaɗa da kafaɗa a gaban mai jefa ƙwallo, su tare duk wanda ya taho kayar da shi. Kika ce, "To kai yaushe kake taɓa ƙwallon?" Ya ce ba ya taɓawa. Tun ranar, duk maƙwabciyar da ta tambaye ki a unguwarmu ta Nakkasa sai ki ce gadi yake yi a Amurka.

Sau ɗaya kika yarda na nuna miki wasan. Da kika ga suna gwara kai da hular kwano, kika ture hannuna kika ce, "Ba don wannan na ciyar da shi ba." Ba ki ƙara kallo ba. Amma duk ranar da yake da wasa, a Harami kike sallar Magariba, ko da gwiwarki na ciwo.

Bara abin da kike tsoro ya faru, ina kallo a waya. Aka yi karo, wani ya faɗo masa a wuya. Kowa ya tashi, shi bai tashi ba. Matarsa Maryam ta kira ni daga asibiti, ta ce hannunsa na hagu ba ya motsi. Ki yafe mini, Inna, ranar na gode wa Allah da ba kya nan.

Aka yi masa aiki. Bayan makonni Maryam ta turo mini hotonsa riƙe da kofin shayi a wannan hannun. Ban gama murna ba wani tsoron ya taso, domin ƙungiyar ta ce ya dawo idan ya warke. Shekararsa talatin da biyu, bai san wani aiki ba, abokan jerinsa kuma sun zame masa 'yan'uwa. Na san halin ɗanki, in aka matsa masa sai ya kafe. Don haka wata biyu ban tayar masa da maganar ba. Shi ya kira da kansa ya ce, "Yaya, halas, na bar wasan. Ina so in ɗauki 'yata da hannu biyu har ta girma."

Jiya muka yi umra tare. Na nemo masa keken turawa, ya ƙi hawa. Ya yi ɗawafi, ya yi Safa da Marwa, yana tsayawa yana hutawa, ni ina biye da shi ina kallon takunsa. Wuyan bai saki duka ba. In zai yi sallama hagu, da kafaɗa yake juyawa. Ya rame, ful da tamis ma, waken nan da gurasa, rabi yake ci ya ture. Amma shi ne, Inna, da dariyarsa.

Bai samu jana'izarki ba, yana cikin jirgi aka kai ki. Abin na cinsa har yau. Gobe bayan La'asar Kawu Bala zai kai shi maƙabarta ya nuna masa layin da kike. Ni zan tsaya a bakin ƙofa da 'yarsa, jikarki mai sunanki, in jira su fito.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya karɓi addu'o'in da kika yi masa, Ya tara mu a Aljanna Firdausi. Amin.

'Yarki,
Habiba