Hannuna na Dama da Magangarar Ruwanku

Zuwa ga Shugaban kamfanin wasannin ruwa da nake yi wa aiki a nan Dubai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke ƙarƙashinka. Ranka ya daɗe, ba ka san sunana ba, amma ka san fuskata. Ni ne baƙin nan mai jar hular kwano da ke cikin bidiyon tallanku, wanda yake fitowa daga cikin kumfa riƙe da wuyan rigar wani Bature. Sunana Sha'aibu, mutumin Kano ne ni, ɗan masunta daga wani ƙauye da ke ƙasan dam ɗin Tiga, kuma aikina a wurinku tsaron ruwa. Na rubuta wannan takarda a fili ne saboda na gaji da ɗumama benci a ƙofar ofishin ma'aikata. Da Hausa na rubuta, don da ita kaɗai zan iya faɗin abin da ke raina har ƙarshe, akwai wanda zai juya maka ita. Ina kuma so 'yan uwana na unguwannin Deira da Bur Dubai da na gida su karanta su zama shaida.

Maganata a taƙaice ita ce hannuna na dama yana shanyewa. Likita ta ce aiki yake buƙata, in kuma aka ja lokaci, ko an yi daga baya ba zai amfana ba. Kamfaninku ya ƙi sa hannu a yi aikin, ya kuma ƙi ba ni fasfona in koma gida in nemi magani. Ga yadda aka yi.

Na ɗaya. Saboda waɗanda ba su taɓa ganin wurin ba, bari in kwatanta. Can bayan gari, wajen duwatsu, kuka gina ɗan dam, kuka fitar da kogi daga jikinsa da siminti da manyan duwatsu. Ba ruwan sama ne ke cika kogin ba, ƙofofin dam ake buɗewa. A ƙarshensa akwai magangara da ta fi ɗaki tsayi, ita ce abin da masu wasa ke zuwa dominsa. Suna shiga wani ɗan siririn kwalekwale mai cin mutum ɗaya, wanda ake kira kayak, su zura ƙafafu ciki, a rufe bakinsa da roba a ƙugunsu, su biyo ruwan su faɗo ta magangarar. In jirgin ya kife da mutum, ko dai ya juyo da shi da filafili, ko ya ja madaurin robar ya fice. Ni kuwa wurina kan wani dutse ne a ƙasa, da igiya a hannu da usur a wuya. In ƙofa ɗaya aka buɗe, ruwan wasa ne, ko mai koyo zai wuce. In aka buɗe duka, ruwan da ke gindin magangarar nannaɗewa yake yi yana komawa baya, duk abin da ya faɗa ciki sai ya riƙa juya shi kamar injin wanki. Duk wanda ke aiki a wurin ya san haka, har manajanku ya sani.

Na biyu. Bayan Babbar Sallah kuka kawo masu ɗaukar hoto don yin talla, kuka gayyato gwanayen wasan daga waje. Manajan wurin ya ce yana son ruwa ya yi fari fat a hoto, aka buɗe ƙofofi gaba ɗaya. Gwanayen nan kam sun iya, ban ƙi ba, sun yi ta faɗowa suna ihu suna ɗaga filafili. Sai wani Bature mai jan gemu ya zo a karkace, hancin jirginsa ya daki dutse, ya faɗo a kife. Na jira ya juyo, bai juyo ba. Na jira ya fice, shiru, sai gindin jirgin kawai nake gani yana wulwulawa a wuri ɗaya. Na busa usur. Idirisu, abokin aikina ɗan zangon Kumasi, wanda ke tsaye ta sama, ya ruga ya ce a rufe ƙofofi. To amma ko an rufe, ruwan da ya riga ya taho sai ya iso. Na jefa igiya, amma wanda kansa ke cikin ruwa da me zai ga igiya?

Wallahi ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. A ƙauyenmu ɗan masunci ba ya tsayawa a gaɓa yana kallon mutum yana shan ruwa, ko da maƙiyinsa ne, kuma da haka aka raine ni. Na faɗa. Na nutsa ta ƙarƙashin jirgin, na lalubo madaurin na fizge, na caɓe rigarsa. A nan ne ruwan ya ɗaga ni ya maka kafaɗata da siminti, na ji wani abu ya ce ƙas tun daga wuya har gwiwar hannu. Ban sake shi ba. Allah ya taimaka ruwan ya tofo mu tare. Ya yi amansa, ya rungume ni yana kuka, jama'a suka ɗau tafi, masu hoto kuwa ba su ajiye kyamara ba ko sau ɗaya.

Na uku, kuma a nan ne kuka kama ni. Manaja ya sauko, ya dafa ni a gaban kowa ya tambaye ni ko lafiya nake. Na ce alhamdulillah, lafiya lau. E, na faɗa, ba zan musa ba. Amma ranka ya daɗe, da ka san Bahaushe da ba ka riƙe wannan maganar ba. Je ka duba shi a gadon asibiti, an sa masa robar numfashi a hanci, ka ce ya jiki, zai ce maka da sauƙi. Mahaifina ƙugiya ta taɓa huda masa tafin hannu ta fito ta baya, a gabana ya zare ta, maƙwabta suka zo sannu ya ce da sauƙi. Ba ƙarya muke yi ba, godiya ce ga Allah, haka aka koya mana. Balle ga mata da yara suna ta tafi, ni ƙato da gemuna in buɗe baki in ce wayyo? Ai ba zai fito ba.

Na hau bas na koma kam, wato masaukinmu na ma'aikata da ke Sonapur. Idirisu ya shafa mini man zafi ya ɗaure kafaɗar da tsohon rawani, muka ce targaɗe ne. Washegari na koma kan dutsena da igiya a hannun hagu, na ci gaba da zuwa ina cije baki, don ina jin kunyar a ce wanda aka yi wa tafi jiya yau yana raki. Sai ranar da na kasa ɗaga buta na tafi asibiti. Aka ɗauki hoto. Likitar, wata 'yar Indiya mai kirki, ta yi mini faɗa sosai, ta ce jijiyar da ta sauko daga wuya zuwa hannu ce ta samu rauni, kuma irin wannan ba ya jira. Na kai bayaninta ofis da murnata, a zatona gobe za a kwantar da ni. Sai aka ce dokar kamfani ita ce a kai rahoton rauni a ranar da ya faru, ni kuwa da bakina na ce lafiya lau, ga shi a bidiyo, kuma na yi aiki bayan haka. Saboda haka ba raunin aiki ba ne, inshora ba ruwanta. Haba jama'a! Bidiyon da kuka ji bakina a ciki, shi ne fa wanda ya nuna ruwa na buga ni da siminti. Kun ma rage masa gudu a daidai wurin kun sa masa kiɗa.

Na huɗu. Jami'in ofishin ma'aikata mutum ne mai sanyin baki, kullum habibi, wato masoyina, yake ce mini, har shayi yake sawa a kawo. Shi ya faɗa mini cewa hukuma na binciken yadda aka buɗe ƙofofi ranar, ni kuma shaida ne, don haka fasfona zai zauna a aljihun tebur har a gama. Yaushe za a gama? Bukra inshallah, wato gobe in Allah ya so. Na ji bukra har ta gundure ni. Da na matsa, sai ya rufe ƙofa ya kawo mini shawara, wai don yana ƙaunata. In na yarda na ce daga saman gadonmu mai hawa biyu na faɗo a kam, khalas, shi ke nan, maganar rauni ta fita daga bincike, a miƙo mini fasfo da tikiti in tafi. Ka ji fa. In tafi gida da mataccen hannu, kuma in tafi a matsayin ƙaton da bai iya kwanciya a gado ba. Na ce masa ba zan yi ƙarya ba, ya ɗaga kafaɗa ya ce to sai haƙuri. Gadon sama kam ina da shi, gaskiya ne, amma tun ranar ban iya hawansa ba. Idirisu ne ya bar mini nasa na ƙasa.

Na biyar. Ina so ka san irin zaman da nake yi a Sonapur. Ba a kore ni ba, ba a ba ni aiki ba, ba a sallame ni ba. Bayan sallar asuba bas ya kwashe kowa, a bar ni da ƙarar na'urar sanyi da warin takalman mutane. Ba zan iya neman wani aiki ba, bizata a hannunku take, kuma wa zai ɗauki mai tsaron ruwa da hannu ɗaya? Ba zan iya ficewa ba, za ku kai rahoto cewa na gudu, in zama abin farauta a gari. Ba zan iya kai kaina a yi aikin ba, kowa ya san asibitin ƙasar nan ba na irina ba ne in babu inshora. Ko ƙara na ce zan kai, an ce mini shari'a na iya cin lokaci, jijiya kuwa ba ta san da zaman kotu ba. Duk inda na juya bango ne, ni da na tashi a bakin ruwa ina tafiya inda na ga dama.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba zafin ba ne. Ranar Juma'a Idirisu kan dafa mana wake da shinkafa irin na garinsu, mu zauna mu kewaye faranti ɗaya. Yanzu ni sai a zuba mini daban, in juya baya in ci da hagu, don ba zan sa hannun da nake tsarki da shi a abincin mutane ba. Su suna cewa ba komai, lalura ce, ni na san yadda nake ji. A masallaci in aka miƙo mini hannu sai in miƙa hagu ina ba da haƙuri kamar mara tarbiyya. Hannun kansa ya fara ramewa, hannun rigata na dama ya fi na hagu yalwa. Matata Hauwa ta lura ba na ɗaga wayar sama in muna magana ta bidiyo, ta tambaya, ita ma da sauƙi na ce mata. Halin ke nan, ba ya fita. Mahaifina bai sani ba sam, yana can yana gaya wa mutane ɗansa zai dawo ya karɓi jirgi da taru, shi ya huta.

Baturen nan, Allah ya saka masa, ya rubuta godiya a shafinku ya ce in ba don ni ba da 'ya'yansa sun zama marayu. Kamfaninku ya amsa masa cewa yana alfahari da ma'aikatansa. A kan gadon Idirisu na karanta wannan amsa, na yi dariya har hawaye ya zubo, kuma ba dariyar daɗi ba ce.

Ranka ya daɗe, ga roƙona. Ka ba da umarni a sa hannu a yi mini aikin nan yanzu, tun da sauran abin da za a ceto. In kuwa kun ga ba za ku iya ba, ku ba ni fasfona ba tare da sharaɗin ƙarya ba, in je Kano 'yan uwa su haɗa kai a gwada abin da za a iya, shaidar da hukuma ke so kuma in bayar kafin in tafi, ko gobe ne a shirye nake. Kafin ɗaya daga cikin biyun nan ya faru, ku sauke fuskata daga tallanku, ban yafe a ci gaba da sayar da tikiti da ita ba. Sannan don Allah kada a taɓa Idirisu saboda na ambaci sunansa. Bai sa ni rubutu ba, hasali ma roƙona ya yi ta yi in ƙara haƙuri.

Na so in ji maganarsa, don ni ba mai son tonon silili ba ne. Abin da ya sa na kasa shi ne jiya a sallar la'asar. Na zauna tahiya, na kai hannun kan cinya da taimakon ɗan uwansa kamar yadda na saba yanzu, na zo kan shahada, na ce da yatsana ya tashi. Bai tashi ba. Na sake gwadawa, ina kallonsa, yana kwance kamar ba nawa ba. Makon jiya yana motsi. Liman ya yi sallama, mutane suka watse, ni ina zaune ina gwadawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuriyarka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah ya bar maka hannuwanka biyu, ya kuma nuna maka wannan takarda da wuri.

Wassalam.

Naka ma'aikaci,
Sha'aibu mai tsaron ruwa,
Kam ɗin ma'aikata, Sonapur.