Zanzaron da babu a gonarmu

Yaya Mukhtari,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau a Nairobi, sai idona da ke ruwa saboda yawan leƙa madubin bincike mai girmama ƙananan abubuwa. Kada ka gaya mata.

Na duba ƙwarin da na ɗebo a Bunkure. A kwalbar gonar Malam Tambaya, wanda muka yi wa dariya don bai yi feshin maganin ƙwari ba, akwai mitsi-mitsin zanzaro, ba su kai ƙwayar gero ba. Na ƙirga gaɓoɓin ƙahonsu, na duba fiffikensu. Su ne masu kashe tsutsar da ta cinye mana tumatir.

A kwalbar gonarmu ko ɗaya babu, feshinmu ya kashe su. Kuma ni, mai boko, na ce ka ƙara feshi.

Ka yafe mini.

Ƙanwarka,
Sauda