An Yanke Ƙari, An Bar Ciwo

Daga Tasawa, cikin watan Rajab.

Zuwa ga yayana Malam Maharazu, a Gidan Amumune. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Inna? Ka gai da mai ɗakina Furera, ka karanta mata abin da ya kamata ta ji, sauran ka riƙe a cikinka.

Bayan haka, Yaya, ka san ƙarin nan da ke bayana, ƙasan allon kafaɗa, wanda Inna ke kira ƙwan zabo. Tun ina saurayi yake nan, bai taɓa hana ni barci ba. Abin da ke cina shi ne ƙugu. Shekara da shekaru ina kan dokin nan Kili, ina kai saƙon Madugu Jaji zuwa Korgom da Maijirgi, ina dubo masa hanya da rijiyoyi kafin ayari ya tashi. Na san yadda nake lallaɓa abina. In ɗaure ƙugu da tsohon rawani, in na sauka wanzami ya yi mani ƙaho, in tafiya ta yi nisa in sauko in ja doki a ƙasa. Da haka nake zuwa in komo, ban taɓa makara ba.

To ranar kasuwa na sauko daga doki na kasa miƙewa, kuma a gaban Madugu. Ya sa na tuɓe riga, ya ga ƙarin, shi ke nan ya gama bincike. Wai shi ke jan jijiyar baya. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe, amma ƙari ana ganinsa, ciwon ƙugu kuwa sai mai shi. Madugu ya ce ko a fid da ƙarin, ko in ba da linzami. Kili ba nawa ba ne, na Madugu ne, na sani, amma ni na hore shi tun yana ɗan duƙushi. Na yarda a yanka. Ku sa ni a addu'a.

Ƙanenka, Mutari.

Daga Tasawa, cikin watan Sha'aban.

Zuwa ga Yaya Maharazu. Ina gaishe ka, ina gai da Inna da Furera da mutanen gida duka. Man shanun da ka aiko ya iso, Allah ya saka da alheri.

An yi aikin. Cha'ibu wanzami ya danna ƙarin, ya murza, ya ce kitse ne kawai, da bayansa ne da ya bar shi. Amma Madugu ne ya aiko shi, ni kuma na riga na kwanta. Ya tsaga, ya fito da abu kamar kitsen rago, ya cika wurin da garin bagaruwa. Aka kai wa Madugu cikin ƙwarya ya gani, ya yi hamdala, ya ce cuta ta fita. Shi ya warke ke nan, ni aka bari da rami a baya.

Tun ran nan rub da ciki nake. Ba ɗamara, ba ƙaho, ba tafiya, duk abin da ke riƙe da ƙugun an hana ni. Da safe sai na dafa bango nake kaiwa bakin ƙofa. An ba Gazali, ƙanen matar Madugu, dokin, wai kafin in tashi. Mutumin da ko ɗaurin sirdi bai iya ba. Ina kwance nake jin wucewarsu ta bayan danga, ya sakar masa gudu tun daga ƙofar gida kamar an biyo shi. Wallahi Yaya wannan ya fi askar zafi.

Kada ka faɗa wa Furera batun dokin. Ka ce mata ina samun sauƙi.

Naka, Mutari.

Daga Tasawa, bayan ƙaramar Salla.

Zuwa ga Yaya Maharazu. Barkanku da Salla, Allah ya maimaita mana. Ina Inna, ina Furera, ina yara?

Mikin ya warke, bayana sumul, ba abin da kowa zai nuna da yatsa. Ran da ayari zai tashi Madugu ya sa aka jawo Kili a gaban jama'a ya ce in hau. Na sa ƙafa a likkafa, na yunƙura, ƙugu ya ƙi. Na sake, na faɗi zaune. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi. Madugu ya ce ashe lalacewa ce ta tsufa, tunda an cire cutar ban tashi ba. Da ƙarina nake hawa, Yaya, kowa shaida ne.

Da ayari ya komo sai ga Kili da gyambo a gadon baya, sirdi ya cinye shi. Ba a ce Gazali ya tuɓe riga ba. Ni aka kira in yi jinyar doki, wai na san ciwon baya. Na je, don ba laifin dokin ba ne. Ya ji muryata ya yi haniniya, na kifa kaina a wuyansa na yi abin da ban yi ba ran yanka. Sauran man shanun da ka aiko mani, a bayansa ya ƙare. Yanzu ya warke, an mai da shi ga Gazali.

Ba abin da ya rage mani a Tasawa. Ka aiko da jakinka, mai sanyin nan, da wanda zai ja shi, a shimfiɗa masa abu mai taushi. Yanzu kam ka karanta wa Furera duka. Ka ce mata in ta ji ƙarar kofato a hanyar Tasawa ta daina fitowa, ba ni ba ne.

Ƙanenka, Mutari.