Lamba Huɗu a Gemun Odell

Litinin, 3 ga Maris

Odell ya ce shi da coci sai wata rana. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta karkata masa baki ya daina fita, gemu kuwa ya bar shi ya zama jeji. Ni dama tun kafin aurenmu ba na shiri da gemun nan. Na ce, "Tsoho, mu aske shi mana, kowa ya huta." Ya ce in taɓa in gani. Mawaƙan coci sun sake aikowa, wai babu mai kaurin muryarsa, suna jiransa ranar Ista.

Alhamis, 6 ga Maris

Na sayo injin aski. Ga matazan roba da ake maƙala wa bakinsa, kowane da lambarsa, na rasa na ɗauka. Na kira Purvis, mai askinsa da ya bar garinmu Memphis ya koma wurin 'yarsa. Dariya har da tari. "'Yar'uwa Verlene, ke za a ba inji? An ba kura ajiyar nama." Da ya natsu ya ce in sa lamba huɗu. Ɗaya zai tona masa asiri, takwas kuma kamar ba a yi aikin komai ba. Huɗu zai rufe gefen bakin, mutum kuma ya fito tsaf.

Ashe ɓuya Odell yake yi a cikin gemun. Ina kwana ina tashi da shi, ban lura ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Na gwada hannuna a kan karenmu. Har yanzu yana ƙarƙashin gado.

Asabar, 8 ga Maris

Odell ya yarda, bisa sharaɗin shi zai riƙe madubi. Na zaunar da shi a kicin, na yafa masa tawul. Da kai na fara, komai lafiya, sai matajin ya suɓuce ban ankara ba, na share masa fili a bayan kunne.

"Verlene, me ya sa kika yi shiru?"

"Addu'a nake yi."

Gemun kam na bi shi a hankali, ta inda gashin ya kwanta, yadda Purvis ya ce. Farin gashi cike da cinyarsa. Ya daɗe yana kallon madubi yana shafa gefen hagu. Sai can ya ce, "Ba laifi, ga ɗan koyo."

Lahadi, 9 ga Maris

Ya fito baranda shan hantsi. Maƙwabciyarmu Earline ta hango filin nan daga ƙofarta ta ce, "Odell, nan za a riƙa ajiye motoci?" Ya yi dariya sosai, bai ma tuna ya rufe baki da hannu ba. Na kai wa Earline fankasun dankali mai zaƙi, ba ta san dalili ba.

Asabar, 29 ga Maris

Yanzu duk Asabar ne. Inji na kuka, shi yana bin sa da waƙa ƙasa-ƙasa, wai injin ne ba ya kan murya. Na san duk inda haɓarsa ta lotsa. Da can ban taɓa riƙe fuskarsa haka ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Yau Ista, ya yi waƙa a coci. Wasu kalmomin sun ƙi fita daidai, muryar dai tana nan yadda take. Hawayen da na yi kuwa, hoda ce ta shigar min ido.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na yafa masa tawul sai ya ce, "Cire matajin nan ki kwashe gemun duka. Kin daɗe kina so, ni kuma na gama ɓuya." Na ce har yanzu da sauran sanyi da safe. Ya ce gumi yake yi. Na ce fatar da ta daɗe a rufe ƙuraje take yi. Ya zuba min ido ta madubi da murmushinsa na gefe guda, na ce ya daidaita kansa kar in sake yi masa fili.

Huɗu na sa. Ba wai gemun ya fara burge ni ba ne. Hannuna ne kawai ya saba.